Kashi Nawa Zai Shigo Hannuna? Lissafin Rabon Kasuwa a Shagon Kago na Jidda

Kawuna ya shekara ashirin yana tsaye gaban sikeli a wani shagon kago da ke kusa da Bab Sharif a Jidda. Shi ke awo, shi ke rubuta fatura, shi ke ɗaure jakunkunan abaya da jallabiya da dabino da turare da sallaya waɗanda 'yan kasuwarmu ke aikawa Kano. Da ya yanke shawarar buɗe nasa, sai ya kira ni bayan sallar isha'i, ya zuba min shayi, ya ce: “Ɗana, kai da ka yi karatun lissafi, gaya min. Cikin kayan da ke fita daga layin nan zuwa gida, kashi nawa zai shigo hannuna?”

Ba don nishaɗi ya yi tambayar ba. Amsarta ce za ta nuna girman sito da zai kama haya, da yawan yaran da zai ɗauka, da ko zai sayi motar ɗaukar kaya ko zai riƙa haya. Wanda ya yi zaton kashi talatin ya samu goma, kuɗin haya kaɗai zai cinye jarinsa kafin Hajji ya zagayo.

Manyan kamfanoni suna da hanyoyin amsa irin wannan tambaya. Ɗaya daga cikin fitattu ita ce wadda masana ke kira AHP a taƙaice, ni kuwa nakan ce mata awon bibbiyu. Wani masanin lissafi ne mai suna Thomas Saaty ya ƙirƙiro ta. An haife shi a Mosul ta Iraƙi a 1926, ya koyar a makarantar kasuwanci ta Wharton sannan a Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka, ya rasu a 2017. Littafinsa da ya tsara hanyar ya fito a 1980. Abin da ya burge Kawu shi ne da na gaya masa cewa ɗaya daga cikin manyan ayyukan farko da aka gwada hanyar a kansu shi ne tsarin sufurin Sudan a shekarun 1970, inda aka yi amfani da ita wajen tantance ayyukan da ya kamata a fara sa wa kuɗi tsakanin layin dogo da tituna da sufurin ruwa da na sama. Kakan Kawu ta Sudan ya biyo a ƙasa, ya tsallako ta Sawakin, don haka duk abin da ya taɓa Sudan jin sa yake kamar na gida.

Tushen hanyar abu ne da kowane mai ciniki ya sani. Ka tambayi mutum ya jera maka abubuwa biyar da yake dubawa kafin ya ba da kayansa, zai ce dukkansu muhimmai ne. Amma ka ajiye masa biyu kacal, ka ce tsakanin amana da araha wanne ya fi, kuma da nawa ya fi, nan take zai ba ka amsa. Ƙwaƙwalwa ta fi iya gwama abu biyu a kan auna abu biyar lokaci guda. Saaty ya sa ma'auni daga 1 zuwa 9: 1 na nufin kunnen doki, 3 ɗan fifiko, 5 fifiko mai ƙarfi, 7 mai ƙarfi ƙwarai, 9 kuwa babu ma haɗi. Idan abubuwan uku ne, tambaya uku za ka yi. Idan huɗu ne, shida. Idan suka kai goma, tambaya 45 ke nan, kuma babu hajiyar da za ta tsaya maka ka yi mata tambaya 45 alhali jirginta na tashi da asuba. Shi ya sa muka tsaya a kan uku: amana, wato kaya su isa cif ba a buɗe ba, farashin kilo, sai saurin isa.

Mutum talatin muka tambaya cikin mako biyu, wasu a bakin shago, wasu a masaukinsu a Makka. Da muka haɗa amsoshin sai ya zama amana ta ninka farashi sau biyu, farashi ya ninka sauri sau biyu, amana ta ninka sauri sau huɗu. Idan lissafi ya zauna haka, rabon ba wuya: amana huɗu, farashi biyu, sauri ɗaya, jimla bakwai. A kashi ɗari, amana ta ɗauki 57, farashi 29, sauri 14.

Daga nan sai a koma kan masu shagon. Uku muka sa a faifai: tsohon gidan da Kawu ya yi wa aiki, wani mai araha da ke bayan layi, da shagon Kawu da ake shirin buɗewa, wanda alƙawarinsa shi ne kaya su riga na kowa isa. Aka sake gwama su bibbiyu a ƙarƙashin kowane ma'auni. A amana tsohon gida ya kwashi 60, Kawu 25, mai araha 15. A farashi mai araha ya samu 50, Kawu 30, tsohon gida 20. A sauri Kawu ya samu 60, tsohon gida 25, mai araha 15. Sai a ninka kowane maki da nauyin ma'auninsa a tara. Na Kawu: kashi 57 na 25, da kashi 29 na 30, da kashi 14 na 60, ya tashi kusan 31. Tsohon gida 44, mai araha 25.

Kawu ya kalli takardar ya yi murmushi har kunne. Ni ma da farko na ji daɗi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma sauran bayanin nan a kan tazarar da ke tsakanin wannan 31 da kilon da zai hau sikelinsa yake.

Kafin na shiga sukar hanyar, bari na ba ta haƙƙinta. Tana kama mai tufka da warwara. Wani alhaji ya ce mana amana ta fi farashi nesa ba kusa ba, farashi ya fi sauri, amma da aka gwama sauri da amana sai ya ce sauri ne gaba. Wannan zagaye ne, kamar a ce Audu ya girmi Bala, Bala ya girmi Sani, Sani kuma ya girmi Audu. Saaty ya tanadi wani awo na irin wannan saɓani, ya ce idan ya wuce kashi goma cikin ɗari a koma a sake tambaya. Da muka koma wa alhajin, sai ya bayyana kaya iri biyu yake aikawa, na shagonsa da na sallah. A na sallah, kayan da suka iso bayan an sauko daga idi daidai suke da waɗanda suka ɓata. Ba ruɗewa ya yi ba, mu ne muka yi masa tambaya ɗaya a kan ciniki biyu. Da tambayar “me ka fi so” kawai muka yi, da ba mu gano haka ba.

Akwai kuma hikima wajen haɗa amsoshin jama'a. Idan mutum ɗaya ya ce amana ta fi farashi da 9, wani ya ce farashi ne ya fi da 9, wato amana ɗaya bisa tara ke nan, ka tara ka raba biyu za ka samu wajen huɗu da rabi, kamar amana ta yi nasara, alhali canjaras aka yi. Don haka ninka su ake yi a ɗauki tushe, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon, a samu 1. Sai dai ko wannan gyaran bai warkar da ciwon ba. Mutumin da ya fito daga haɗa waɗannan biyun, wanda amana da farashi duk ɗaya ne a wurinsa, babu shi a kasuwa. Ka haɗa mai son shayi da zafi da mai son shi da ƙanƙara ka dafa musu mai ɗumi, ba wanda zai sha.

Saaty da almajiransa sun sha nuna cewa hanyar na iya kusantar rabon kasuwa na gaskiya. Akwai sanannen misalinsa na abubuwan sha bakwai a Amurka, su kofi da shayi da madara da ruwa, inda ƙiyasin mutane ta awon bibbiyu ya zo dab da alƙaluman hukuma, ruwa ya tashi wajen sulusi a duka biyun. Akwai wani a kan gidajen sayar da abinci na McDonald's da Burger King da Wendy's. Misalan na da ban sha'awa, amma a lura da abu guda: duk kasuwanni ne da masu amsar suka tashi a cikinsu suna gani kullum. Hanyar ta taimaka musu ne suka fito da abin da idonsu ya riga ya sani. Shagon Kawu kuwa ko allon suna ba a kafa ba. Makin amana 25 da aka ba shi, na fuskarsa ne da shekarun da aka san shi a bakin sikelin wani.

A nan kara ta shigo. Yawancin waɗanda muka tambaya sun san ni ɗan 'yar'uwarsa ne. Wace hajiya ce za ta dubi idona ta ce ba ta yarda da kawuna ba? Wata ma cewa ta yi, “Haba ɗan nan, ai Malam namu ne, rubuta masa tara.” Na rubuta, amma na san tarar zumunci ce. Haka ma fifita amana a kan farashi. Kowa na son a san shi da cewa ba kuɗi ne gabansa ba. Amma na tsaya a shagon na ga wadda ta ba amana 7 ta kwashe jakunkunanta ta tsallaka layi saboda bambancin riyal ɗaya a kilo. Ba ƙarya ta yi min ba. A zaune a masauki amana ce a ranta, a tsaye gaban sikeli da kilo ɗari biyu kuwa, riyal ɗari biyu take gani.

Saboda irin wannan ne masu binciken kasuwa suka fi karkata ga wata hanyar da ake kira konjoyint, wadda Paul Green na Wharton ya shigo da ita harkar talla a farkon shekarun 1970, aka kuma yi amfani da ita wajen tsara otal-otal ɗin Courtyard na kamfanin Marriott a shekarun 1980. A nan ba a tambayar mutum abin da ya fi muhimmanci. Katuna ake ba shi. Wannan: kilo riyal kaza, kwana biyar, in kaya ya ɓata a biya ka. Wancan: ƙasa da haka da riyal biyu, kwana goma sha biyu, in ya ɓata sai haƙuri. Zaɓi ɗaya. A canza, a sake ba shi. Daga zaɓin da ya yi ta yi ake ciro nauyin kowane abu a wurinsa, ba daga bakinsa ba. A ganina ta fi dacewa da mutanenmu, domin babu sunan kowa a katin balle a ji kunya, kuma ciniki dama haka yake, a dunƙule ake saye. Matsalarta tana son mutane da yawa da kwamfuta mai manhajar aikin, awon bibbiyu kuwa da biro da bayan fatura ma an gama.

Ko an samu makin da babu kara a cikinsa, saura mayar da shi rabon kasuwa, kuma a nan ma hanya ta rabu biyu. Ana iya cewa kowane mutum zai kai kayansa duka ga wanda ya fi ba maki, ko da ratar ƙanƙanuwa ce. Ana kuma iya cewa zai rarraba gwargwadon makin, wanda shi ne ra'ayin da Duncan Luce ya tsara a 1959. Mu na biyun muka bi ba tare da mun ma lura ba, da muka ɗauki maki 31 a matsayin kashi 31. Da na koma na duba takardun ɗaya bayan ɗaya, mutum biyar ne kacal cikin talatin suka sa Kawu a gaba. Ga saura shi ne na biyu, kuma na biyu a zuciyar kowa na iya wuni bai auna ko jaka ɗaya ba. Wace doka ce daidai? Ya danganta da kayan. Mai sayen ruwan sha kullum yakan canza, yau wannan gobe wancan. Mai zuwa Umra sau ɗaya a shekara da jarinta gaba ɗaya a jaka shida, wuri ɗaya za ta kai.

Dokar rarrabawa tana da wani rami da masana ke kira matsalar bas ja da bas shuɗiya. A ce gobe wani ya buɗe shago jikin na Kawu, farashi ɗaya, sauri ɗaya, komai ɗaya. Lissafi zai ba shi maki 31 shi ma, jimla ta koma 131, tsohon gida ya sauko zuwa wajen 34, mai araha 19, tagwayen kowanne kusan 24. Wato su biyun sun tashi da kashi 47, kawai don an raba shago ɗaya gida biyu. Duk wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ya san ba haka ake yi ba. Mai kama da kai a kwanonka yake ci, ba a na wanda ya bambanta da ku ba. Awon bibbiyu ma yana da ɗan'uwan wannan ciwo: tun 1983 Valerie Belton da Tony Gear suka nuna cewa ƙara kwafin wani zaɓi na iya juya jerin waɗanda ke ciki, na ɗaya ya koma na biyu. An daɗe ana muhawara a kai tsakanin magoya bayan Saaty da masu sukarsa.

Wannan ba ya nufin lissafin ba ya cin nasara. Daniel McFadden, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, ya yi hasashen yawan ma'aikatan da za su koma hawa sabon jirgin ƙasa na BART a yankin San Francisco a shekarun 1970. Hasashen hukuma ya kai wajen kashi 15, nasa ya ce 6.3, da aka ƙirga aka samu 6.2. Shi da kansa ya ce akwai sa'a a cikin wannan dacewar. Amma abin lura shi ne bai dogara da abin da mutane suka ce suna so ba. Ya duba yadda suke zuwa aiki a zahiri, da kuɗin da suke kashewa da mintocin da suke ɓatawa, daga nan ya ciro nauyin kowanne.

Sai gyara na gaba, wanda shi ne mafi sauƙi kuma shi aka fi mantawa. Duk wanda muka tambaya mun ba shi labarin shagon Kawu kafin ya amsa. A kasuwa ba mai yi masa wannan hidimar. Tsohon gida kowa ya san shi, lambarsa na yawo a zaurukan WhatsApp na matan Kano da Kaduna tun kafin su taso. A ce mai araha mutum takwas cikin goma sun san shi, Kawu kuwa huɗu cikin goma a shekarar farko. Sai a ninka: 44 na nan yadda yake, 25 ya koma 20, 31 ya koma 12 da 'yan kai. A mayar da su kashi ɗari: tsohon gida 58, mai araha 26, Kawu 16. Rabi ya tafi tun ba a taɓa maganar kara ba. Kuma sanin ma ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin masu kayan ba su ke zaɓa ba. Direban da ya ɗauko su daga Makka, ko yaron da ke raka su kasuwa yana musu tafinta, shi ke cewa “Hajiya, ga inda za mu kai,” kuma yana da kamashonsa a can. Shi ya kamata mu yi wa tambayoyin, ba mu kuwa tambayi ko ɗaya ba.

Babban kuskurenmu sai daga baya ya fito, kuma Kawu ne ya gano shi, ba ni ba. Yana bin sunayen da yatsa sai ya tsaya ya ce, “Ɗana, ka ƙirga kawuna ne ko kilo?” Cikin mutum talatin ɗin, huɗu na aika kayan da suka fi na sauran ashirin da shida a haɗe. Ni kuwa na ba kowa ƙuri'a ɗaya, mai jaka biyu ta tsaraba da mai cika mota. Rabon kasuwa a harkar kago da kilo ake auna shi. Muka koma wa huɗun nan, wannan karon Kawu ya aiki wani yaro da ba su san alaƙarsa da shi ba. A nan ne aka ambaci abin da babu shi sam a takardarmu: lamuni. Tsohon gida na ɗaukar musu kaya ba su biya ko kwabo ba, sai kaya sun sauka Kano, sun fara sayarwa, su biya wakilinsa da naira. Ga mai juya jari wannan ya fi ragin riyal biyu, ya fi saurin kwana uku. Awon bibbiyu ba zai taɓa gaya maka ka manta wani ma'auni ba. Abin da ka zuba masa shi zai raba maka kashi ɗari cif, har da ɗigo, ya yi kyau a ido kamar babu abin da ya rage a waje.

Da muka sa lamuni na huɗu muka sake awo da manyan kaɗai, lamuni ya ɗauki 40, amana 35, farashi 20, sauri ya tashi da 5. Saurin da Kawu ya so ya gina shagonsa a kai, shi ne abin da masu kilo suka fi rainawa, domin su tun watanni biyu kafin azumi suke aika kayan sallah. Makinsa a wurinsu ya sauko zuwa 22, tsohon gida 54, kuma babu ɗaya cikin huɗun da ya sa shi a gaba.

Ya daɗe shiru yana juya kofin shayi. Daga baya ya fasa kama babban siton da ya yi ciniki, ya kama rabinsa. Motar ma ya ce haya zai riƙa yi. Kuɗin da ya rage ya ware su gida biyu: kashi ɗaya na direbobin Makka, ɗayan kuma ya tura wa wani ƙaninsa a Fagge ya buɗe ɗan ofis da zai riƙa karɓar biya da naira, a fara da mutum biyu da ya san gidajensu. Ni kuma ya ba ni littafi mai bango baƙi, ya ce duk wanda ya shigo ya tambayi farashi ya fita bai ajiye kaya ba, a rubuta kilonsa nawa, wa ya rako shi, kuma wane shago ya nufa.